Kwalin Ƙwai a Lambun Eirlys

Nakan taso daga aikin dare a asibiti
asuba na tsagewa bisa kwarin Dyfi,
tumaki a kan tudu kamar an watsa auduga,
raɓa ta jiƙa min takalmi tun daga ƙofa.
Eirlys na zaune, bargo a gwiwa,
shayinta ya huce, ba ta ko kula ba.
"Nesta, kin makara. Sun fara motsi."

Fitilar Idwal ce, mijinta marigayi.
Shi ya kafa ta a bakin akwati,
ya jera kwalayen ƙwai a ciki
don baƙin dare su sami masauki.
Bara yanar ido ta cinye ganinta,
sai muka raba aikin gida biyu:
ni ce ido, ita ce suna.

Na ɗaga kwalin farko, numfashi a riƙe.
"Ga wani faɗa-wuta ruwan ƙasa, ba kyan gani,
amma da ya zabura na hango rawaya ƙarƙashin rigarsa."
Ta yi tsaki. "Waɗannan sun fi yashi yawa.
Ƙirga kawai." Arba'in da ɗaya.

"Ga wani kamar busasshen ganye da aka murƙushe."
Ta kira sunansa da harshen Wales, ta maimaita da Latin,
a tsanake, kamar mai kiran jikoki cin abinci.
"Ga mai harafi guda na azurfa a fiffike,
sai karkarwa yake."
"Matafiyi ne wannan. Teku ya tsallako,
nauyinsa bai kai ƙwayar wake ba.
Ke kuwa kullum kina kukan hawan tudu."

Agusta ta tsufa.
Fukafukan wasu sun koɗe, sun yage a gefe
kamar rigar da ta gaji da wanki.
Tuffa ta faɗo ta ruɓe a gindin uwarta,
rina sun sha sun bugu, suna tangaɗi a kanta.
Malam-buɗe-littafi, baƙi mai jan ɗamara,
ya sauka, ya buɗe, ya rufe, ya buɗe,
bai bar ni na karanta ko layi ɗaya ba.
Gizo-gizo ya yi teɓa tsakanin ƙyaure da shinge,
katantanwa ta sa hannu a kan dakali ta wuce.

A kwalin ƙarshe, can cikin lungu,
wani ɗan mitsitsi, toka-toka, ɗigo biyu,
da siririn layi kamar tsagar kofin shayi.
Na siffanta shi. Ta yi shiru.
Na sake, ban bar ko gashin kansa ba.
Ta ce in ɗauko littafin Idwal a kan taga,
mai warin danshi da rubutun fensir.
Na bi shafi-shafi har rana ta taɓa bango.
Babu shi.

"Ɗora min shi a yatsa."
Ya taka a hankali, ya haye ƙashin da sanyi ya kumbura,
ya tsaya a kan zobenta.
"Ƙafa shida na ji," ta ce. "Sauran sirrinsa ne."

An ce rashin sani ya fi dare duhu.
Na dai ga fuskarta ta yi haske
fiye da sadda take jero sunaye.
Na rubuta kwanan wata, na rubuta: ba mu sani ba.
Sai na lura, a gefen shafukan baya,
Idwal ma ya rubuta haka sau goma sha bakwai.

Wani tsuntsu mai jan ƙirji ya zauna kan shebur,
yana mana kallon mai jiran a sauke tukunya.
Eirlys ta kore shi da sanda, ba ta ko gan shi ba.
Na kai kwalayen ƙarƙashin ƙaya,
na kaɗe su ɗaya-ɗaya cikin inuwa.

Sannan na tsallaka titi zuwa gida,
na ja labule, na naɗe hannuwa,
na kwanta da rana, kamar su.